Ranar da Nkhoma Ya Yabi Kawuna

Kawuna Kapembwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran wutar lantarki a ƙarƙashin ƙasa, a mahaƙar tagulla ta nan Kitwe, amma idan ka tambayi mutanen unguwar Wusakile ko wane ne shi, ba wanda zai ambaci wannan. Za su ce maka, "Ai shi ne wanda ake zagi a faifai." Shi ma amsar da zai ba ka ke nan, yana gyara zaman hularsa.

Faifan na ƙungiyar Malasha ne, makaɗan rok da suka taso a zaurukan rawa na ma'aikatan mahaƙa tun ba a haife ni ba. Su biyar ne, da suma buzu-buzu da wando mai faɗin ƙafa da jita mai gurnani kamar injin niƙa. Kawu bai iya kaɗa komai ba. Jona waya ya iya, kuma kayan sautin Malasha duk kwance-kwance ne, ba sa wasa sai da mai jona waya a kusa. A nan ya haɗu da Nkhoma, mawaƙinsu, wanda kuma shi ke tsara musu waƙoƙi. Mu 'yan ƙabilar Bemba ne, Nkhoma kuwa Ngoni ne daga gabas, ke nan taubasai ne. Tun da kakanninmu suka gaji da yaƙar juna suka koma tsokanar juna, ba Ngonin da zai ga Bemba ya gaishe shi da mutunci. Suna ce mana maciya biri, muna ce musu maciya ɓera. Kuma ranar da aka yi mana rasuwa su ne ke zuwa su haƙa kabari, su ɗora tukunya, su yi ta tsiya a kan mamacin har sai matarsa ta yi dariyar da ba ta shirya ba.

Nkhoma ya kai tasa tsiyar cikin waƙa. Kowane faifai na Malasha akwai waƙa ɗaya da aka ware wa Kawu. A na farko, Kapembwa ya kamo biri zai yanka wa surukai, birin ya tsere da wandonsa. A wani kuma, Kapembwa ya haska garin Kitwe kaf amma gidansa duhu, don rowa ta hana shi sayen ƙwan fitila. Duk baƙon da ya shigo gidan sai an sa masa waɗannan kafin a ba shi ruwa.

Daga baya kiɗan ya mutu. Cutar da ta kwashe samarin wancan zamani ta tafi da uku daga cikin biyar ɗin, Nkhoma ya koma kiwon kaji a Chamboli, mai ganga ya zama direban motar burodi. Sai da suka yi furfura wasu Turawa masu tara tsoffin fayafai suka gano su, aka haɗa su da matasan makaɗa, aka zagaya da su ƙasashe. Bana suka fitar da sabon faifai.

Ni kuma bana na dawo daga Kanada, bayan karatun da ya ɗauke ni shekaru. Na tarar da Kawu ya tashi daga jinyar shanyewar jiki, hannun hagu ya yi nauyi, yana dogara sanda. Ban san tsarabar da zan kai masa ba, sai na sayi sabon faifan, na garmaho, don ya ce waƙar da aka ji a wayar hannu ba a ji ta ba. Ranar Asabar da hantsi, da aka kawo wuta, muka zauna a falo ni da shi da matarsa Mama Belita.

Na yi zaton zan ji tsofaffi suna kwaikwayon ƙuruciyarsu. Ba haka na ji ba. Muryar Nkhoma ta dushe, ta yi ƙasa, shi kuma bai tsaya yaƙi da ita ba, ya tsara waƙoƙin daidai inda take iya kaiwa. Jitar da a da ke gudu yanzu tafiya take, tana tsayawa ta bar wa ganga fili. Abin da ya fi kama ni shi ne ba inda Nkhoma ya ce yana baƙin ciki. A waƙa ɗaya yana tsaye ne kawai a tashar da motar ma'aikata ta daina zuwa, yana gaya mana wanda ke zama a kowace kujera. A wata, matarsa ta sayar da akwatin sautinsa ta sayo 'yan tsaki, shi kuma yana yabon muryar 'yan tsakin. Kawu yana kaɗa kai, amma na lura jira yake. Duk waƙar da ta fara sai ya karkato kunne, da ya ji ba tasa ba ce sai ya koma ya jingina.

Tasa ita ce ta ƙarshe, kuma sunanta Kapembwa. Ya miƙa wa Mama Belita sandarsa, ya fara murmushi tun ba a buɗe baki ba.

Jita ɗaya ce, ba ganga. Nkhoma ya ce su biyar ne a kan dandamali, na shidan yana ƙasa a tsugune, ya riƙe waya biyu da hannu har aka tashi don kada wuta ta yanke, bai ga rawar ba, ba a tafa masa ba. Ya ce ya taka dandamali a garuruwan da bai iya faɗin sunansu ba, kuma ko'ina sai ya leƙa ƙasa yana neman mutumin. Shi ke nan waƙar. Ba biri, ba wando, ba rowa. Mama Belita ta share ido da gefen zaninta.

"Juya faifan," in ji Kawu.

"Yama, ai ya ƙare," na ce. Haka muke kiran kawu.

"Juya dai, Katongo. Ƙila ya ɓoye a baya."

"Ai ɗaya gefen muka fara ji."

Ya karɓi sandarsa. "To wa ya gaya masa na mutu?"

Na ɗauka abin zai wuce kafin a sauke tuwo. Bai wuce ba, kuma mutanen gari ba su taimaka ba. Gidajen rediyo suka kama waƙar. Masu kifi a kasuwar Chisokone, waɗanda a da suke masa kukan biri idan ya gifta, suka koma rusunawa suna tambayarsa ya jiki. Matan coci suka zo yi masa addu'a ba wanda ya kira su. Wani tsohon abokin aikinsa ya bugo waya daga Mufulira yana yi wa Mama Belita ta'aziyya, Kawu na zaune kusa da ita yana ɓare gyaɗa.

Na yi ƙoƙarin nuna masa abin da yake hannunsa. Na ce mutane da yawa sun zo duniya sun tafi ba a yi musu baiti ɗaya ba, shi ga shi an yi masa waƙar da ta fi kowace kyau a faifan.

"Na ce miki ba ta da kyau ne? Kyanta ne ya dame ni. Da ta banza ce da an manta."

"To mene ne laifinta?"

"Ke kin daɗe a ƙasar da kowa ke ce wa kowa sannu. Wa kika taɓa ji Ngoni ya yaba? Baƙo. Baƙo ake wa ladabi." Ya buga sanda a ƙasa. "Sa'o'ina na Ngoni duk sun tafi, Nkhoma kaɗai ya rage. Idan shi ma ya mai da ni baƙo, ranar da aka shimfiɗe ni wa zai zo ya zage ni? Haka za a binne ni shiru, kowa na cewa mutumin kirki ne, kamar ba ni da kowa."

"Bashi Chiti," in ji Mama Belita daga ƙofar kicin, wato baban Chiti, tana kiransa da sunan ɗansu na fari, "idan zagi kake nema, ina da na shekara arba'in a ajiye."

"Naki na gida ne, ba ya shiga lissafi."

Ya hana a sa faifan. Ya hana a kunna rediyo lokacin gaishe-gaishe. Ya daina zuwa gashin hannun da likita ya sa shi, wai me gawa za ta yi da hannu. Wannan ne ya ƙure haƙurin Mama Belita, ta ce in ɗauke shi in kai shi Chamboli su ƙarata can, ita ta gaji. Na ce a buga waya mana. Kawu ya ce ba a karɓar zagi ta waya.

Muka shiga ƙaramar bas ranar Laraba. Kwandastan ya gane shi, ya tashi wani ya ba shi kujerar gaba, ya ƙi karɓar kuɗinsa. Kawu ya ɗaure fuska har muka sauka.

Mun tarar da Nkhoma a bayan gida, cikin rigar shan iska, yana wanke mazubin ruwan kaji. Dogo ne siriri, sumar ta tafi ta bar masa sanƙo. Da ya hango mu sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya goge hannu, ya jawo kujera.

"Sannunku da hanya. Zauna, Kapembwa, kada ka daɗe a tsaye."

Kawu ya juyo ya dube ni. "Kin ji ko? Kujera." Ya koma kan Nkhoma. "Kai macin ɓera, wace ƙasar ce ta lalata ka? Ka hau jirgi sau biyu ka dawo da ladabi?"

"Ya hannun?"

"Hannun yana gaishe da kakarka. Ina waƙata?"

"Ba ka ji ta ba? Ita ce ta ƙarshe."

"Waccan ta wani marigayi ce mai sunana. Tawa nake tambaya."

Nkhoma ya zauna a kujerar da ya jawo wa Kawu. Ya kalli kajinsa, ya ce waƙar zagin kam ya rubuta ta. Ya ce a cikinta Kapembwa ya je asibiti, likita ya duba jininsa ya tarar rabi na biri ne, aka aika gidan namun daji neman mai ba da jini. Na ga bakin Kawu ya motsa, ya danne dariya.

"To ina take?"

"Na zo duba ka a asibitin. Kana barci, baki a karkace. Belita ba ta gaya maka ba, ni na hana ta. Na dawo gida na kasa rera ta." Ya shafa sanƙonsa. "Yaranmu uku na Malasha da suka tafi, duk danginka ne, Bemba. Ni na tsaya a kan kabarinsu ɗaya bayan ɗaya na yi musu tsiya, mutane na dariya. Na yi aikina. Amma ba ɗayansu da ya taɓa jin magana mai daɗi daga bakina yana da rai. Na ce wannan tsohon birin kam sai ya ji, ko yana so ko ba ya so."

Na yi tsammanin nan Kawu zai sauko. Ya kalli ƙasa kam. Sannan ya ce, "Ba sai ka ja ni bayan ɗakin kaji ka faɗa mini a kunne ba? Sai a faifai? Har Mufulira an yi mini zaman makoki."

"An riga an buga, ba ya gogewa."

"Na sani. Ba don wannan na zo ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

"Ina?"

"Kada ka raina mini hankali. Ranar."

Nkhoma ya dube shi daga hula har takalmi, a hankali, kamar mai taya akuya. "Zan zo," ya ce. "Dole in zo, don in ban tsare ba danginka za su cinye abincin makokin kafin a rufe ka. Kuma akwatin ba zai ci katako ba, dubi yadda ka tsotse. Sai dai a bar rami a baya saboda wutsiya."

Kawu ya sauke numfashi. Ya sa sanda ya zungure shi. "Tashi mini daga kujera, mara kunya. Kana ganin mara lafiya a tsaye."

Nkhoma bai tashi ba. Sai ni na shiga ciki na ɗauko wata. Da na fito na ji Nkhoma yana cewa, "To idan ni na riga ka fa? Ƙirjin nan nawa ba na jin daɗinsa tun da muka dawo."

Kawu ya zauna, ya ɗora mataccen hannunsa a cinya, ya dube shi da kyau a karo na farko tun zuwanmu.

"Ka je asibiti?"

"Ka ga, kai ma ka fara ladabi."

"Ladabin me? So nake in san lokacin da ya rage mini in shirya. Ni ba mawaƙi ba ne, zagin da zai cika maƙabarta sai na zauna na tsara." Ya juyo gare ni. "Katongo, gobe za ki kai ni gashin hannu. Ba zan tsaya a kan kabarin mutumin nan ina nuna shi da hannu ɗaya ba. Shi ma ki sa shi a motar, a duba ƙirjin."

Na ce gobe ina da ganawar neman aiki a Ndola. Ba wanda ya saurare ni a cikinsu. Nkhoma ya riga ya aika a ɗauko masa jita, Kawu kuma yana gaya masa cewa baitin gidan namun dajin yana bukatar gyara, don bai yi zafi yadda ya kamata ba.