Mai Buɗe Tagogin Vaurelle

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Inna Léontine Chabrier ta ƙauyen Vaurelle, tana da shekara tamanin da tara. Ba wanda ya buga mini waya. Ranar Alhamis na hau tudun ƙauyen a motar burodi kamar kullum, na danna oda a bakin coci, na ɗaga kai sai na ga tagogin gari duk a rufe. A nan na sani.

Inna Léontine, ni ne Aimé mai motar burodi da cuku, wanda kike kira ɓarawon ma'auni. Na tsufa a yawon kasuwanni, na sayar wa wayayyu, na sayar wa marowata, amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya yi mini wayo na ji daɗi ba sai ke.

Ke kika ba ni labarin Vaurelle ta ƙuruciyarki: makaranta cike da yara, maƙeri, shagunan shan giya biyu da ba sa ga maciji da juna, samari suna dambe kan wanda zai ja igiyar ƙararrawa. Yaƙi ya ɗebi maza, kamfanonin birni suka kwashe sauran. Da na fara zuwa an riga an rufe makarantar, amma layin masu jirana yakan kai bakin rijiya. Yau in na ƙirga su da yatsun hannu biyu sai yatsu su yi saura.

Duk wanda zai bar gari, da 'ya'yan duk wanda aka binne, a hannunki suke barin makulli, su ce, "Inna, ki riƙa buɗewa gidan ya sha iska." Su fatar baki ce, ke kuwa kika riƙe amana. Kowace safiya, ko ƙanƙara na zuba, sai ki bi gida gida da tarin makullai kina buɗe ƙyauren tagogi, da yamma ki dawo ki rufe. Baƙo in ya ratsa zai rantse garin cike yake.

Shekarar da na ce zan daina zuwa Vaurelle, don hawan tudun yana shan man da ya fi cinikin, ba ki roƙe ni ba. Da na dawo sai na tarar da jakunkunan yadi rataye a ƙofofi, yadda ake bar wa mai burodi in ba a gida. Har ƙofar Émile Roux, wanda da kafaɗata aka kai shi kabari.

Na ce, "Inna, Émile ya dawo ke nan?"

Kika ce, "Kai ɗan nan, burodi aka aiko ka sayarwa ko ƙidayar jama'a? Saka masa dogo ɗaya, ya fi son mai ƙonannen baya."

Na saka, kika biya. Tun daga ranar kajinki suka fi na kowa ƙiba a lardin nan, don su ke cinye burodin gidajen da ba kowa. Na sani, kin san na sani, ba wanda ya sake ɗaga maganar. Kuma ba don cikinki kika yi ba, kina da tanda, kin iya gashi. Don tsoho Fernand ne da sauran waɗanda ba su da mota, waɗanda ƙarar odata ce kaɗai ke fito da su su ga fuskar juna.

A wajen jana'iza kowa ya kalle ni, ba wanda ya tambaya ko zan ci gaba da zuwa. Ni kaina ban san amsar ba. Alhamis ta zagayo na hau tudun ina shirya kalaman sallama. Sai na ga tagogi a buɗe, wasu rabi, wasu a karkace. Fernand na zaune a bakin coci yana haki, makullanki a cinyarsa. Ga jaka a ƙofar Émile. Ga wata a ƙofarki.

Ya ce, "Me kake kallo, ɓarawon ma'auni? Ita ba ta son mai ƙonewa."

Na zaɓi mai laushi na saka miki, Inna. Alhamis mai zuwa ma zan kawo.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya buɗe miki ƙofar rahama kamar yadda kika buɗe tagogin mutane ba da lada ba. Ga 'yarki Monique da jikokinki a Lyon, da 'yan tsirarun da suka rage a Vaurelle, Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Amin.