Sunan Malam Bello a Sabon Faifai

Ina cikin kwashe kayan kwamfutar ofishinmu na unguwar Gawon Nama zuwa sabon faifan ajiya, zamanin soja ke nan, sai na iso kan takardun Malam Bello, abokin aikina da muka binne sati uku baya. Sunansa ne a kansu, shi kaɗai ke da izinin buɗe su.

Shugabanmu ya leƙo ta bayana. "Umaru, cire sunanai ka sa naka."

Na ce, "Yallaɓai, matatai ko takaba ba ta hita ba."

Sai ya ce, "Kwashe yadda ya bar su."

Har na bar aikin, kullum na kunna kwamfutar sunansa na nan, yana jiran mai shi.

Allah ya jiƙan Malam Bello. Ku fa, sunan wa kuka kasa gogewa?