Jikanka Ya Iso, Malam Zubairu

An haihu, Malam Zubairu! Namiji ne, ga gashi cunkus, ga murya kamar ta ladan. Ɗiyarka Karima ta sauka lafiya ranar Alhamis, kai kuma Allah Ya karɓi abinsa kwana biyu kafin nan, ranar Talata, 11 ga Maris, 2003, a gidanka na Zurmi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Salamu alaikum jama'a, ku yi mini afuwa da na sa albishir gaban sallama. Malam ne ya kamata ya fara ji, don da hannunsa a ciki.

Shekara takwas ɗana Bilyaminu yana tare da Karima a nan Ƙaura Namoda, ko ɓatan wata ba ta yi ba. Ita ake ta ɗura wa saiwa da rubutu. Da shari'ar Musulunci ta kafu a jiharmu, 'yan'uwanka suka matsa a je gaban alƙali a raba auren, ta gwada wani gidan. Da ka ce to, da yau ba ni da suruka, ba ni da jika.

Sai ga ka a ƙofar gidana ranar kasuwa. Ka ce, "Malam Nuhu, ɗiyata an auna ta har ta gaji. Shi yaron, wa ya auna shi?" Na ce, "Haba Malam, namiji?" Ka ce, "Awo, namiji. Ko ba mutum ba ne?"

Kowa ya san kunyar da ke tsakanin suruki da mijin ɗiyarsa. Bilyaminu in ya hango ka, kwana yake yankewa. Amma ka shiga mota ɗaya da shi har babban asibitin Sakkwato, kana gaba yana can baya, ni a tsakiya ina kai saƙo. "Gaya mishi ya ci rogo." "Gaya wa Baba na ƙoshi." Da aka miƙa masa 'yar kwalbar awon maniyyi, ni da kai muka fita muka tsaya muna duban wata bishiyar dogon yaro kamar za mu saye ta.

Likita ya ce maniyyin akwai, amma babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a ciki, jikin ya daina ƙera ta. Ya yi ta tambaya, har Bilyaminu ya faɗi cewa ya daɗe yana karɓar allurar ƙarfin maza a wani kemis da ke Shinkafi, wai don a samu ciki da wuri. Ashe ita ce ta kashe wutar. Aka hana shi, aka ɗora shi kan wani magani, aka ce sai haƙuri, kuma ba kowa ke dacewa ba.

A hanyar dawowa yaron kuka yake yi a ɓoye. Ranar ce ka juya ka yi masa magana baki da baki. Ka ce, "Ɗana, ciwo ne, ba abin kunya ba ne. Karima tana ɗakinta." Ba ka taɓa furta zancen ga kowa ba. Bilyaminu ne da kansa ya ce in rubuta shi da wannan bokon nawa na ajin yamma, ko wasu mazan za su je a duba su.

Fiye da shekara ana komawa awo, sannan aka fara ganin 'yan ƙwayoyi. Ranar da ciki ya tabbata, ka aiko da zabi biyu, ka ce ɗaya na likita ne.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya suturta ka kamar yadda ka suturta mu. Ina miƙa ta'aziyya ga Adda Rekiya mai ɗakinka, da Armiya'u babban ɗanka, da dukkan mutanen Zurmi. Allah Ya ba mu haƙuri.

Suna ranar Alhamis mai zuwa ne, bayan sallar asuba, a gidana. Na Zurmi, na Shinkafi, na Katuru, har da waɗanda suka ce a je gaban alƙali, ba mu riƙe kowa ba. Ku taho ku yi wa Malam addu'a, ku ɗauki yaron nan ku gani da idonku.