Ciyawar da Ta Ƙi Karyewa

A tsibirinmu na Tafkin Chadi ba wanda ke kafa bukka inda ya ga dama. Mahaifina ne ya tsara garin. Ramukan bandar kifi suna yamma, domin iskar rani daga gabas take tasowa, rumbuna suna tsakiya, sannan a kewaye gari da fili mai faɗin taku ashirin, a share shi tas. In wuta ta taso daga ciyawar bakin ruwa, a filin nan take tsayawa. A tsibiri ba wurin gudu.

Ba da wata ake lissafin lokacin sharar ba. Baba yakan tsinko kara ɗaya ya lanƙwasa. In ya lanƙwasu, da saura. In ya ce ƙas, gobe kowa ya fito da fartanya. Da ya rasu, aikin ya dawo hannuna, ni kuwa kaina ya kumbura. Shi ya sa da kawuna ya kira ni Yaoundé in riƙa sayar masa da busasshen kifi, na tsaya a bakin kwale-kwale ina ba mahaifiyata umarni: "Inna, da ciyawa ta bushe zan dawo. Kada a taɓa filin nan sai na zo."

Unguwar Briqueterie, inda na sauka a Yaoundé, cike take da mutane, amma ban taɓa jin kaɗaici irin na can ba. Hausa suke yi, rabinta Faransanci, ni sai gyaɗa kai. Ba wanda ya san tsibirinmu ko da suna. Kullum bayan sallar asuba nakan gangara wajen unguwar Ekoudou, in tsinko kara a bakin kwata in lanƙwasa. Kore shar. Ruwan sama kuwa sai dukan kwanon ɗakina yake yi. Kawu, wanda nan aka haife shi, bai taɓa ganin tafkin ba, sai ya yi dariya ya ce, "Kai da ciyawarka! Nan kartiye ne, unguwar birni, ba daji ba." Ni da nake ganin na fi kowa sanin ciyawa, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa wannan ruwan ba ya kaiwa gida.

Ranar da karan ya ce ƙas, har murmushi na yi ni kaɗai. Na sa shi a aljihu, na sayo wa Inna turmin atamfa, na tambayo lokacin jirgin ƙasan Ngaoundéré, hanyar gida. Da la'asar na je unguwar Etoudi wajen wani dattijo mai fataucin shanu da ya sauko daga arewa, in ji labarin hanya.

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ashe ba ka ji ba?"

An fi wata guda da yin gobara a tsibirinmu. Can ciyawa ta bushe tun ina nan ina tsallake taɓo. Ba a rasa rai ba, amma rumbuna da bukkoki sun tafi, mutane sun watse, Inna tana garin Kousseri wajen ƙanwata. Na ce wa dattijon, "Baba, me ya hana su sharewa?"

Ya sunkuyar da kai. "Sun so su share. Mahaifiyarka ce ta hana. Ta ce ɗanta ya ce a jira shi."