Kujerar Baya

A shekarun da kuɗin mai suka buɗe, kowa a Jibiya sabuwar mota yake so, da ledarta a kan kujera. Ni kuwa Allah ya jarabce ni da son tsohuwa. Ina da shagon kayan gyaran babur kusa da kan iyaka, inda manyan motoci ke layi suna jiran kwastan namu da duwan na Nijar, kuma a bakin direbobin nan na fara jin labarinta. Suka ce akwai wata mota ƙirar Italiya, mai ƙofa huɗu, yashe a gindin tsamiya a wani ƙauyen Maguzawa bayan Farfaru. Ta wani Bature ce mai sayen gyaɗa, wanda wai yakan bar Maraɗi da shayi a kofi ya iso Katsina bai huce ba. A nan injin ya buga masa, ya tafi neman kayan gyara, ba a sake ganinsa ba.

Na nemo tsohon akawun Baturen, wanda takardu ke hannunsa, muka daidaita. Na ɗauki bakanikena da tayoyin aro, muka tafi jawo ta da a-kori-kura, rana tsaka. Kujerun gaba duk gara da rana sun cinye. Ta baya kuwa fatarta sumul, ja, ko tsaga babu, sai wani ɗan loɓawa a bayan direba. A kanta akwai ƙoƙo da busasshiyar fura, da gashin jan zakara, da karan sigari guda da ba a kunna ba. Na kwashe na watsar. Matan ƙauyen suna tsaye daga nesa, riƙe da tulunansu. Na yi musu sallama, ba su amsa ba, na ce a raina ku dai kuka sani.

Kai, motar nan ta sha min rai, ta kuma sha min aljihu. Kayanta babu a Katsina, babu a Kano. Wasu sai ta hannun direbobin Maraɗi, wasu sai an ƙera. Muka sauke injin, muka wanke kafireta biyu da take da su, aka like lagireto, aka yi sabon salansa. Matata tana cewa da gareji na aura da ya fi mini sauƙi. Ran da motar ta tashi, ƙararta ta sa wani jandarma ya bar teburinsa ya ƙetaro iyaka da ƙafa don ya gani. Na sa aka yi mata koren fenti. Wallahi har yau ban ga abin da ya kai ta kyau ba.

Abu ɗaya ne ya gagare mu. Ta baya, ta gefen direba, motar a karkace take, kamar an ɗora buhun gero. Muka canza sifirin, muka canza shokazoba, tana nan yadda take. Na sha cire kujerar da hannu ɗaya in duba ƙarƙashinta, babu komai sai ƙarfe. In an bar ta a rufe, ka buɗe sai warin taba ya doke ka, alhali daga ni har bakaniken ba mai sha. Shi dai ya daina shiga ta baya. In na tambaye shi dalili sai ya ce cinyarsa ke ciwo.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya tsaya a ƙofar shagona, da ƙurar tafiya har gwiwa. Bai dube ni ba, motar yake kallo. Sai da na gaishe shi sau biyu sannan ya juyo.

"Ɗana, kai ka ɗauko ta?"

"Ni ne, Baba. Saye na yi."

"Ban ce ba ka saya ba," in ji shi. "Da mai ita a ciki ka ɗauko."

Ya zauna a kan benci ya yi mini bayani a hankali. Shekarun baya iska ya kama matarsa. A al'adarsu, in hakan ta faru, akan nemi wurin da za a zaunar da iskan, kuka ko tsamiya ko dutse, a riƙa kai masa abin da yake so, shi kuma ya bar mutum ya sarara. Wannan kuwa irin na ƙasar Faransi ne, mai son kayan Turawa. Ya ƙi tsamiyar, ya zaɓi kujerar motar. Tun daga nan, in ta ji jikinta ba daidai ba, sai ta je ta zauna gefensa na ɗan lokaci, ta dawo gida lafiya. Dattijon yana cin rani sa'ad da na zo. Ya dawo ya tarar ba ta ci, ba ta barci, ba ta gane 'ya'yanta.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba! Ni Musulmi ne, ban san wannan zance ba. Mota ce, ƙarfe da fata."

"Na sani," ya ce. "Ban zo karɓa ba. Ka kai motar, matata ta zauna kaɗan. In ba haka ba, ba za ta ga kaka ba."

Ba yarda na yi ba. Amma mutumin ya tako daga bayan Farfaru da ƙafa, kuma fuskarsa irin ta mahaifina ce. Na buɗe masa gaba. A kwaltar Magama na taka totur yadda ban taɓa takawa ba, shi ko gezau, hannunsa a kan gwiwa.

Mun tarar da ita a tsakar gida, ƙashi da fata, tana taka ƙasa irin ta soja tana magana da wata murya mai kauri wadda ba ta mace ba. Jin ƙarar injin sai ta tsaya cak. Ta fito, ta wuce mu kamar ba ta gan mu ba, ta buɗe ƙofar baya da kanta. Ba ta zauna a loɓawar nan ba, gefenta ta zauna, ta ɗan rusuna. Ina kallo ta madubi, kafaɗunta suka sauka. Can ta ɗago ta ce da mijinta, da muryar tsohuwa sak, "Ba a ba baƙo ruwa ba?"

Daga ranar, duk ranar kasuwa ni ke mayar da dattijon gida. Abokaina suna ta yi mini tsiya, wai na zama direban aljani ba albashi. Na bar su. Tsohuwar ta yi ƙiba, ta koma surfe, kuma ba na barin ƙauyen sai da ƙwai ko gyaɗa a but. Na shaƙu da su ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na taɓa ce masa ko in ciro kujerar in bar musu, ya ce a'a, mutumin ya saba da yawo yanzu, kada a tsokane shi.

Bayan damina ta biyu, dattijon ya zo ba ranar kasuwa ba, kuma gida ya same ni, da hantsi, ina wanke motar. Ya ce matarsa ta rasu shekaranjiya, zazzaɓi ne, cikin hankalinta ta tafi, har ta ce a gaishe ni. Na yi masa ta'aziyya, idona ya cika. Shi kuwa ba ni yake kallo ba.

"Wacece waccan?"

Ɗiyata ce, 'yar shekara huɗu. Na bar ƙofofi a buɗe don su sha iska, ta hau kujerar baya da 'yartsanarta. Ba a tsakiya take ba, ba kuma bayan direba ba. Ta matsa can gefe ta takure, yadda yaro ke yi in an ce ya ba babba wuri.

"Sa'ad da matata ke da rai, ita yake jira," in ji dattijon, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yanzu ba shi da kowa. Fito da ita, ɗana. Kada ka yi mata tsawa."

Na ɗauko ta a hankali na miƙa wa uwarta. Na ɗauko sifana, na kwance notocin kujerar. Dattijon ya naɗe rawaninsa ya yi gammo. Na sa hannu ɗaya zan ɗaga kujerar, ta ƙi motsi. Na sa biyu. Sai da na kira maƙwabcina muka kama tare, muna nishi, sannan muka ɗora masa a ka. Wuyansa ya nutse, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya dai tsaya.

Na ce ya bari in nemo a-kori-kura. Ya ce a'a, in mai kujerar ya sake jin ƙarar inji ba zai yarda ya sauka ba. Ya kama hanyar Farfaru da ƙafa, a hankali, bai waiwayo ba. Na juya in shiga gida, na tarar da ɗiyata a bakin zaure tana kuka, tana miƙa hannu wajen hanya.