Izinin Matan da Ke Cikin Hoto

Shekarar da na gama jami'a na dawo Garwa ban samu aiki ba, sai na riƙa zama a shagon hoton Baba. Zaman ne kawai, don tun da waya ta shiga hannun kowa, sai mai neman hoton katin ɗan ƙasa ke leƙowa. Baba har ya fara maganar sakin shagon.

Na sa wasu hotunan da ya ɗauka tun yana saurayi a intanet, ba da wata manufa ba. Sai wata Baturiya mai gidan baje kolin hotuna ta rubuto, tana son tsofaffin hotunan da ya ɗauka, musamman na 'yan mata cikin kitso da kwalliyar salla. Tayin da ta yi zai riƙe shagon, ina jin, ko da na ɗan lokaci ne.

Baba ya bar min shawara, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. 'Yan matan nan yanzu iyayen mutane ne, kuma ba don a rataye su a bangon wata ƙasa suka cire gyale a gabansa ba. Wataƙila na cika tsoro, amma na ce sai an tambaye su.

Na hau moto, wato babur, na bi gidajensu. Wasu sun rasu, wasu aure ya kai su Marwa. Wata ta ce maigidanta ba zai so ba, ban ja da ita ba. Wata ƙawar mahaifiyata da muke kira Goggo ta daɗe tana kallon nata a wayata.

"Nasara za su ga wuyan nan nawa, jikokina kuwa suna zaton da furfura aka haife ni? Ɗana, wanko min nawa tukuna, babba."

Na tambaye ta ko in tura.

"Tura. Amma ka yanke waccan ta gefena, har yau ba ma gaisawa."

Na nemi waccan ɗin, ita ma sharaɗinta ke nan: a yanke Goggo. Hoton bai tafi ba.

Kaɗan muka tura a ƙarshe. Baturiyar ta ce ta so fiye da haka, amma ta karɓa. Goggo kuma ta rataye nata a falo, duk matar da ta je gaishe ta sai ta biyo shago neman nata.

Ba zan ce ciniki ya koma kamar da ba. Shagon dai yana buɗe. Da hantsi Baba kan tsaya bakin ƙofa yana ɗaga tsohon fim wajen haske, mata a kan benci suna gardamar wace salla ce aka yi yayin wannan atamfa.