Yadda Hafsatu ta Samu Yaya a Nasarawa Burkullu

Anka

Bayan sallar asuba muka tashi a motar ofis: ni, goyona Hafsatu, Malam Bello abokin aikina, direba, da akwatin allurar rigakafin awaki.

Ofishinmu yana da wata doka ta tausayi: mai shayarwa ba a tura ta rangadi sai ta yaye. Sai dai kuɗin tafiya da ƙarin girma duk a rangadin suke. Haihuwa uku na yi ina zaune a kujerar ofis ana tausaya mini, har Bello da na koya wa riƙe sirinji ya wuce ni albashi. Wannan karon na ce na gode, za ni. Oga ya yarda da sharaɗi: in aiki ya tsaya saboda yarinya, kada wata mace ta sake kawo masa maganar.

Sojan shingen farko ya leƙo, ya tambaya ko ƙaramar ma ma'aikaciya ce.

Nasarawa Burkullu

Da hantsi muka sauka gidan wani malamin allo. Nan aka gaya mana mota ba ta zuwa rugagen wajen Gwashi, sai babur, kuma a juyo kafin la'asar. Mai babur ya dubi bayana ya ce shi ba ya ɗaukar jinjira a hanyar nan. Hafsatu kuwa ko koko ba ta fara sha ba. Na san in aiki ya tsaya saboda ita, na rufe wa sauran matan ofis ƙofa ke nan.

Inna Hajo, matar malamin, tana shayar da ɗan autanta Sani. Ta ce, "Aje ta nan, ɗiyata. Nono akwai shi. Amma ki sani, in ta sha ta ƙoshi, Sani ya zama wanta, babu aure tsakaninsu har abada."

Na kira maigidana. Ya ce dama bai yi wa kowa alkawarin aurenta ba.

Gwashi

Awaki sun sha allura, mu mun sha fura. Ƙirjina ya cika yana zogi, ko kukan ɗan akuya na ji sai na waiga. Da muka dawo na tarar da ita tana barci kusa da Sani, an shayar da ita ya fi sau biyar. Na zauna bakin tabarma na yi kuka, na daɗi. Malamin allon ya tara maƙwabta ya shaida musu, don kada a manta nan gaba.

Gummi zuwa gida

A Gummi muka kwana, muka ci tuwon dawa, muka ƙarasa aiki, washegari muka iso Anka lafiya. Alhamdu lillahi. Na gode wa direbanmu, da Bello da ya riƙa ɗaukar mini akwati, da Inna Hajo fiye da kowa.

Oga ya tambaya ko yarinya ta ba da wahala. Na ce a'a, a sa sunana a rangadi na gaba. Hafsatu tana da uwa a hanyar.